Abinci Biyar Kawai Ɗana Yake Ci, An Ce In Hana Shi Uku

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyu, muna zaune a Kaduna. Ɗana na fari shekararsa biyar, bara likita ya tabbatar mana yana da galahanga, wadda a asibiti suke kira otizim. Maganarsa kaɗan ce, sai dai ya ja hannuna ya kai ni wurin abin da yake so. Abin da ke hana ni barci shi ne cin abincinsa. Duk duniya abu biyar yake ci: Indomie, burodi, shayi mai madara, farar shinkafa ba miya, da soyayyen dankalin turawa. Ko warin miya ya ji sai ya fara yunƙurin amai. Yakan kwana huɗu ko biyar bai yi bayan gida ba, in ya zo yi kuma sai kuka, ga shi kwanan nan na kama shi yana gatsar ƙasar jikin katanga. A wani zauren WhatsApp na iyaye aka ce in cire masa duk abin da aka yi da alkama da madara, wai su ne ke ƙara ciwon, wata ta ce ɗanta ya fara magana bayan ta yi haka. Yau mako uku ke nan da na cire. Ya rame, wandonsa na zamewa, ihu da buga kai sun ƙaru. Surukata Hajiya, wadda muke gida ɗaya, ta ce sangarta ce, a bar shi da yunwa zai ci, wani lokaci kuma ta matse shi a cinya ta yi masa ɗurar kunu. Maigidana yana sayo ɗanyen nonon raƙumi, yanzu kuma yana tara kuɗin wasu ƙwayoyi da aka tallata masa, wai suna wanke guba daga ƙwaƙwalwa, kuɗinsu ya kusa albashinsa na wata. Ni kuma kullum ina tunanin ko abin da na ci da ina da cikinsa ne ya jawo. In ci gaba da hana shi, ko in mayar masa? Ki taimake ni don Allah.

Daga wata uwa, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Zan fara da amsar tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ba ta jira: ki mayar masa da burodinsa da madararsa, yau ɗin nan. Sharaɗi ɗaya ne, idan a baya kin taɓa ganin ya sha madara ko ya ci burodi jikinsa ya yi borin jini, leɓensa ya kumbura, ko ya kama amai nan take, to wannan sai likita ya gani tukuna. In babu wannan, yaron da abincinsa biyar ne aka ɗauke uku, ya koma rayuwa a kan farar shinkafa da dankali, ga wando na zamewa, shi ne garin neman ƙiba aka samo rama. Ihun nan da buga kan da suka ƙaru, a ganina yunwa ce da ciwon ciki suke magana a bakin yaron da ba shi da kalmomin faɗa. Kuma kada ki ga laifin kanki a kan makonni ukun nan. An nuna miki ƙofa aka ce lafiyar ɗanki na bayanta, wace uwa ce ba za ta tura ba?

Shi ma tunanin abin da kika ci da ciki, ki sauke shi. A 2019 an wallafa wani babban bincike da ya bi bayanan yara kimanin miliyan 2 a ƙasashe biyar, ya gano kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke kawo galahanga yana cikin ƙwayoyin halittar da ake gada ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 na da ita. Ana samunta a gidan attajiri a birni, ana samunta a ƙauyen da tuwon dawa da fura ne abincin yau da gobe, burodi sai ranar kasuwa. Yanayin yadda aka halicci ƙwaƙwalwarsa ne. Ba kwaɗayin mai ciki ne ya kawo ba, kuma babu abincin da aka tabbatar yana cire shi.

Maganar alkama da madara ta yi shekaru tana yawo, daga Turai da Amurka ta taso. Masu ita sun ce akwai wani sinadari a alkama mai suna gulutin da wani a madara mai suna kesin, wai suna ratsa hanji su kai ƙwaƙwalwa su rikita ta. An gwada. A Jami'ar Rochester ta Amurka, wata likitar yara mai suna Susan Hyman da abokan aikinta sun ɗauki yara 14 masu galahanga, 'yan shekara uku zuwa biyar, suka cire musu alkama da madara ƙarƙashin kulawar masana abinci. Sannan suka riƙa ba su wani abin ci sau ɗaya a mako, wani lokaci da gulutin ko kesin a ɓoye a ciki, wani lokaci babu, ba iyaye ba masu lura babu wanda ya san wanne ne wanne. Sakamakon da ya fito a 2016 bai nuna wani bambancin a zo a gani ba, ba a ɗabi'a ba, ba a barci ba, ba a bayan gida ba. Yaran kaɗan ne, gaskiya, amma sauran binciken da aka yi da irin wannan tsantseni ma ba su kawo hujja mai ƙarfi ba. Shi ya sa tun 2013 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kada a yi amfani da hana alkama ko madara a matsayin maganin galahanga.

Ita matar da ta ce ɗanta ya fara magana fa? Ba na zarginta da ƙarya. Wataƙila ɗanta na cikin waɗanda madara ke ɓata wa ciki, aka cire, ciwon ya lafa, hankalinsa ya kwanta, wannan kuwa yana faruwa da yaro mai galahanga da wanda ba shi da ita. Wataƙila kuma lokacin buɗewar bakinsa ne ya zo daidai da canjin abincin, don yara da yawa masu wannan larura sukan ƙara kalmomi a waɗannan shekarun. Abin da ba kya ji a zauren shi ne labarin irinki, waɗanda suka gwada yaro ya rame, suka yi shiru suka daina don kunya.

Madarar ce ta fi damuna. Yaro ɗan shekara huɗu zuwa takwas yana buƙatar kimanin miligiram 1,000 na kalsiyam a rana don ginin ƙashi, kofi ɗaya na madara kuma yana ba da kusan 300. A abincinsa biyar ɗin nan, shayin ne kaɗai ke kawo masa wani abin kirki daga ciki. A nan ƙasarmu ba wasa ba ne: binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna yawancin yaranmu masu lanƙwasar ƙafa, ƙarancin kalsiyam a abinci ne ke damunsu fiye da ƙarancin bitamin D, tunda rana ba ta yi mana rowa ba.

Yanzu bari mu dubi dalilin da ya sa yake cin abinci haka, don in kin gane wannan, rabin faɗan gidan zai mutu. Ɗanki ba shi kaɗai ba ne. Wani nazari na 2013 da ya tattara bincike da dama ya nuna yara masu galahanga sun ninka sauran yara kusan sau biyar wajen matsalar cin abinci. Yawancinsu ji da gani da shaƙarsu sun fi namu kaifi. Warin daddawar da ke sa mu haɗiyar yawu, shi yana iya cika masa kai kamar hayaƙin janareta a ƙaramin ɗaki. Yauƙin miyar kuka a harshe, ƙwayar tumatir da haƙori ya ci karo da ita ba zato, duk abin firgita ne a wurinsa. Ki duba abincin nasa biyar da kyau: duka farare ne ko ruwan ƙasa-ƙasa, ba su da wari mai ƙarfi, ba a cakuɗa su da komai ba, kuma na yau daidai yake da na jiya. Mangwaro yau zaƙi gobe tsami, wani da zare wani babu. Burodi kuwa ba ya ba shi mamaki. Yaron da duniya ke yi masa yawa, ga hayaniya ga haske ga fuskokin da bai gane me suke nufi ba, ya samu abu biyar da ya amince da su. Ba taurin kai ba ne, tsoro ne.

Wannan ya kawo mu ga Hajiya. Ki yi mata adalci a zuciyarki: ta raini 'ya'ya, ta ga yunwa ta karya gardamar yara da yawa, ɗura kuma da ita aka raine ta aka raini iyayenta. Tana ganin jikanta na ramewa a gabanta, hannunta ba zai iya zama a cinya ba. Sai dai dabarun nan biyu ba sa aiki a kan irin wannan yaro. Akwai masu galahanga da in an bar su da yunwa za su kwana biyu, uku, ba su ci ba, har sai an kai ga ƙarin ruwa a asibiti, don tsoron abincin ya fi musu zafin yunwar. Ɗura kuwa, ko ga lafiyayyen yaro, tana iya tura kunu hanyar numfashi ya sauka a huhu ya zama ciwon haƙarƙari, wani lokaci ma a rasa yaron nan take. Kuma duk ranar da aka matse shi aka toshe masa hanci, abin da ya koya shi ne cokali abokin gaba ne. Dole a daina, babu sassauci a nan. Amma ba ke za ki faɗa mata ba. Suruka ba ta cika karɓar gyara daga matar ɗa ba, ko da gaskiyar ta fi rana fitowa. Ki samu maigidanki a lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce masa ya roƙi Hajiya ta raka ku asibiti, ta ji daga bakin likita. In ta ji, kada a bar ta hannu rabbana, a ba ta aiki: ita za ta riƙa zama kusa da shi tana cin abincinta yana kallo, ita za ta riƙa yi masa addu'a da tofi safe da yamma. Kaka da aka ba matsayi takan zama garkuwa. In kuwa duk da haka ba ta bari ba, ki mayar da lokacin cin abincinsa ɗakinki, ki rufe ƙofa cikin ladabi, ki ce likita ya ce a rage masa hayaniya, wanda kuma gaskiya ne yana buƙatar hakan.

Asibitin nan kada ya wuce makon nan, saboda abu biyu da kika ambata a tsakiyar wasiƙarki kamar ƙanana, alhali su ne manya. Na farko bayan gida. Yaron da ke kwana biyar bai yi ba, cikinsa a cushe yake kullum, mai cushewar ciki kuwa ba ya marmarin abinci, balle sabon abu. Matsalolin ciki sun fi yawa ga masu galahanga, wani nazari na 2014 ya ce taurin bayan gida ya ninka na sauran yara fiye da sau uku. Da yake ba zai ce miki “cikina” ba, sai ki gan shi yana danna ciki a hannun kujera, yana tashi da dare yana ihu, yana tsayawa a kan yatsu yana matse ƙafafu don kada ya fito, tunda ya san da zafi. Wani lokaci ma ki ga ruwa-ruwa a wando ki zaci gudawa ce, alhali ta gefen taurin ne yake zubowa. In abin ya daɗe haka, ruwa da gwanda kaɗai ba sa warware shi. Likita zai rubuta maganin tausasa bayan gida da za a sha na makonni ko watanni, kada ki tsaya ranar da ya yi sau ɗaya. Ki kuma riƙa zaunar da shi a fo na minti biyar bayan karin kumallo da bayan abincin dare, ƙafafunsa a ƙasa daram. Na ga yaran da wannan kaɗai ya rage musu buga kai fiye da duk abin da aka saya.

Na biyu cin ƙasa. Sau da yawa alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini, kuma abincinsa babu nama, babu wake, babu ganye, ga shayi da ke hana jiki tsotsar ɗan ƙarfen da ya samu. Ƙasar kuma na kawo tsutsar ciki, tsohon fenti na iya ɗauke da gubar dalma, wadda muka ga ɓarnarta a Zamfara a 2010 lokacin da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Ki ce wa likita a auna nauyinsa da tsawonsa a rubuta, a duba yawan jininsa, a ba shi maganin tsutsa, a leƙa bakinsa ko akwai ruɓaɓɓen haƙori, don shi ma yana hana yaro tauna. Ki nemi a haɗa ki da masanin abinci na asibiti, wanda ma'aikata ke kira dayatishan. A Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, amma awo da gwajin jini da maganin tsutsa ko a asibitin da ya fi kusa da ke za a yi. Kafin ki je, ki rubuta duk abin da ya shiga bakinsa na kwana uku, da ranakun da ya yi bayan gida. Takardar nan za ta yi miki magana a minti biyar ɗin da likita ke da su.

Sai maigida. Mutumin da ke tara albashin wata don ɗansa ba a raina shi. Maza da yawa ba su iya zama su yi kuka da mutum ba, sai su nuna ciwonsu ta hanyar sayowa. Ki fara da yi masa godiya, sannan ku duba abin da kuɗin zai saya. Nonon raƙumi abinci ne mai kyau, mutanen Agadas da sauran makiyayan Sahara da shi suka rayu. An yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje a Saudiyya a kan masu galahanga, na gajeren lokaci, ba su kai a ce magani ne ba. In yaron na so, ya sha a matsayin madara, amma a tafasa shi. Ɗanyen nono, na raƙumi ne ko na saniya, yana iya ɗauke da cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da wasu ƙwayoyin cutar masu sa gudawa. Su kuwa ƙwayoyin wanke guba, ina roƙonku da Allah kada ku saya. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyar mai galahanga, da aka kai shi jihar Pensilbeniya ta Amurka daga Ingila, ya rasu ana cikin yi masa allurar cire ƙarafa daga jini. Akwai kuma wani ruwa da ake sayarwa a intanet da sunan maganin galahanga, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2010 ta sake a 2019, don in an haɗa shi bilic yake zama. Ko bitamin na gaskiya ma, irin su A da D, taruwa suke a jiki in sun yi yawa su zama illa. Yaro mai abinci biyar yakan buƙaci ƙarin bitamin da maganin ƙarin jini, amma likita ne zai zaɓa ya faɗi adadi, kuma ba su da tsada. Kuɗin da ya tara, ku kashe a kan ƙwai da madara da kuɗin motar asibiti, in akwai saura a nemi mai koyar da magana.

To yaya za a faɗaɗa abincin? Ki bar mako biyu na farko ba sabon abu, ya dawo hayyacinsa, ya yarda ba za a sake ƙwace masa ba. A cikin makonnin ki tsara lokaci: manyan abinci uku, ƙanana biyu, tsakanin kowanne kamar awa biyu da rabi zuwa uku, a tsakani ruwa kawai. Wuri ɗaya, tabarma ɗaya, kwano ɗaya, a kashe talabijin, kada zaman ya wuce minti 20 zuwa 30. Madara kofi biyu a rana ta isa, in ta wuce rabin lita takan cika ciki ta ƙara taurin bayan gida da ƙarancin jini. Ganyen shayin ki riƙa rage shi kaɗan-kaɗan har ya zama kusan madara zalla.

Bayan nan sai ki fara gini a kan abin da ya riga ya yarda da shi, taki ɗaya ƙarami a lokaci guda. Yana cin soyayyen dankalin turawa: ki yanka dankalin Hausa fari daidai irin yankan, ki soya, ki sa sili ɗaya a wani ɗan faranti a gefe, ba a cikin nasa ba. Daga nan doya, daga doya awara da aka yanka dogo-dogo aka soya ta yi ƙus-ƙus, daga awara ƙosai. Kin ga daga dankali an iso wake da waken suya, ba a bar siffar da ya sani ba. Yana cin burodi: a shafa man shanu siriri, gaba a shafa tunkuzar gyaɗa mai laushi, gaba a tsoma a ƙwai a soya. Farar shinkafa tana iya kai shi ga masa da sinasir da tuwon shinkafa, ko a ɗiga mata mai, wata rana ɗigon manja, wanda ke cike da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Shayin madara yana iya kai shi ga kunun gyaɗa tatacce, fari sol ba gudaji, daga nan kindirmon da aka yi da dafaffen nono. Indomie kuma a rage garin ɗanɗanon zuwa rabi saboda gishiri, a gwada dafa ta da romon kaza da aka tace. Miyar kuka da zogale da alayyahu su ne ƙarshen tafiya, kada ki fara da su.

Kada ki ce masa “ci”. Cin shi ne matakin ƙarshe. Kafin shi akwai yarda abin ya zauna a gabansa bai ture ba, akwai taɓawa da yatsa, akwai shinshinawa, akwai kaiwa leɓe, akwai gatsa ya tofar. Kowanne nasara ce, ki yaba masa a hankali ba da shewa ba. Ki ajiye masa ɗan kwanon tofarwa, don yaron da ya san yana da ikon fitarwa ya fi saurin sakawa. Yara marasa larura kan buƙaci ganin sabon abinci sau 10 zuwa 15 kafin su karɓa, naki yana iya ninka haka. Wata uwa da na sani ta yi kusan wata biyu tana ajiye wa 'yarta yankan gwanda ɗaya a murfin kofi. Makonni yarinyar ba ta ko kallonsa, sai ta fara tura shi da cokali zuwa bakin tabarma, sai wata rana uwar ta juya ɗaukar ruwa, ta waiwayo ta ga tana lasar yatsa. Uwar ta ce ta danne bakinta da mayafi don kada ihun murna ya ɓata aikin. Ki kuma shigo da shi madafa a lokacin da ba na cin abinci ba, ya tsince wake, ya wanke karas, ya murza ƙullu da hannu, nesa da wuta. Hannu ne ke yi wa baki jagora.

Abu ɗaya da zan hana ki, wanda kusan kowace uwa ke jarabtuwa da shi: ɓoye abu a cikin abincin da ya amince da shi. In kika niƙa hanta kika zuba a shinkafarsa ya gano, kuma yawancinsu suna ganowa, zai iya barin shinkafar gaba ɗaya, biyar ta koma huɗu. In za ki ƙara wani abu, ya zama ƙanƙani ƙwarai, a wani kwano daban, nasa na asali na nan yana gani.

In bayan komai ya daidaita har yanzu zuciyarki na kan maganar alkama da madara, musamman in kin lura da kumburin ciki ko gudawa bayan ya ci, akwai hanyar gwadawa ba tare da cutarwa ba. A fara gwajin jini na cutar hanjin da alkama ke tayarwa, kuma yana cikin cin alkamar ake yin sa, in an riga an cire sakamakon ba ya fitowa daidai. Sannan a cire abu ɗaya, ba biyu tare ba, na mako huɗu zuwa shida, bayan an samu abin da zai maye gurbinsa wanda yake ci da gaske, ana rubuta abin da aka gani. In babu canji a mayar. Mu a nan ma abin ya zo mana da sauƙi, gero da dawa da masara da shinkafa da acca duk babu gulutin a cikinsu, ba sai an sayi garin kanti mai tsada ba. Amma wannan sai abincinsa ya kai goma sha biyar ko ashirin, ba yanzu ba.

Akwai alamun da ba a jira ranar ganin likita: in ya ƙi shan ruwa fitsarinsa ya ragu, in dasashinsa na jini ko ya fara ɗingishi yana ƙin taka ƙafa, wanda ƙarancin bitamin C ke kawowa, in ya fara dundumi yana karo da kaya da magariba, in yana sarƙewa ko tari duk lokacin da yake haɗiya, ko cikinsa ya kumbura yana amai. Ko ɗaya kika gani, ki ɗauke shi ku tafi.

Ke kuma fa, ƙanwata, yaushe rabonki da ki ci abinci da zafinsa? Ga ƙaramin yaro a hannu, ga wannan, ga tsayuwa tsakanin miji da suruka. Ki bar wa maigida abinci ɗaya a rana, ko na dare ne, ya zauna da ɗansa su ci a tabarma ɗaya, ke ki koma gefe ki huta. Zauren WhatsApp ɗin ba sai kin fita ba, akwai sanyi a zama da waɗanda suka san irin darenki, amma duk wanda ya haɗa shawara da lambar asusun banki, ki wuce shi. Zai yiwu ɗanki ya girma bai taɓa son miyar kuka ba, kuma ba komai, manya da yawa masu galahanga suna rayuwa lafiya a kan abinci 'yan kaɗan da suka ishi jikinsu. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki ladan wannan ɗawainiya. Gobe da safe ki haɗa masa shayinsa a kofin da ya saba, ki yanka burodin yadda yake so, ki sa ranar asibiti. Bayan wata ɗaya ki sake rubuto min, ki faɗa min nauyinsa da sau nawa yake bayan gida a mako, daga nan mu ga wane abinci za mu fara ajiyewa a ɗan farantin gefe.